Amsa ga ɗan'uwan da ke neman masauki mai araha a Berlin

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka: kana karatu a Hangari, hutun bazara ya matso, kana son ka leƙa Berlin kai kaɗai na 'yan kwanaki, kuɗin hannunka ba yawa, kuma kana neman hostel, wato masaukin matafiya mai araha da ake kwana ɗaki ɗaya da wasu, inda za ka samu abokan hira. Ka kuma ce ba ka shan giya, shi ya sa kake tunanin ko dare zai zame maka zaman ɗaki. Na zauna a garin, na kuma kwana a irin waɗannan masaukai kafin in samu ɗakina, to bari in faɗa maka abin da na gani.

Kada araha kaɗai ta ja ka. Idan ka buɗe manhajar neman masauki ta Hostelworld ko Booking, kafin ka dubi farashi ka dubi hotunan kicin da falon zama. Hostel ɗin da ke da kicin na gaske, mai murhu da tukwane da dogon teburi, shi ne inda ake sabo. Wanda kuwa abin da yake tallatawa shi ne mashayar da ke ƙasan bene da yawon zaga mashayu kowane dare, to mutanensa sai sun sha suke sakin jiki, kai kuma za ka zama ɗan kallo. Na taɓa kwana a wani ƙaton masauki kusa da tashar jirgi, mai gadaje ɗaruruwa, ga tsabta ga araha, amma har na bar shi ban san sunan ko mutum ɗaya ba. Ayari-ayari suke zuwa, 'yan makaranta da masu rakiyar ango, kowa da mutanensa. Wajen ƙarfe huɗu na asuba su shigo ɗaki su kunna fitila suna shewa.

A ƙaramin hostel abin daban ne. Da yamma ka sayo shinkafa da tumatir da albasa a Lidl ko Aldi, ka ɗora tukunya. Ƙamshin attaruhu kaɗai ya isa ya jawo maka mai tambayar me kake dafawa. Ka dafa fiye da cikinka. Na ga 'yar Koriya ta zauna tana share hawayen yaji tana miƙo faranti a ƙara mata, ɗan Ajantina na gefe yana yanka burodi yana rarrabawa, kafin a wanke kwanuka an riga an shirya inda za a je gobe. Yawancin kicin ɗin suna da kanta da aka ware don abin da matafiya suka bari, mai da gishiri da taliya, kowa na iya ɗiba. Naka kuma ka rubuta sunanka da ranar tafiyarka a jiki kafin ka sa a firji, in ba haka ba masu shara za su zubar.

Cikin waɗanda aka sani da haɗa mutane akwai EastSeven a unguwar Prenzlauer Berg, ƙarami ne mai lambu a baya, da kuma Circus da ke Rosenthaler Platz. Amma masaukai suna canzawa, don haka ka karanta sharhin watannin nan, ba na shekarun baya ba. Gado a ɗakin mutum shida ko takwas yakan kama daga yuro 20 da wani abu zuwa 40, ranakun Juma'a da Asabar na bazara kuma yakan haura. Ka kama da wuri.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba sai sun je sun gani: yawancin ɗakunan a gauraye suke, maza da mata. Ɗakin mata zalla yana da sauƙin samu, na maza zalla kuwa ba ko'ina ba. In wannan zai dame ka, kuma ina ganin zai dame ka, ka tace bincikenka tun a manhaja ko ka aika musu saƙo ka tambaya. Ka nemi gadon ƙasa. Ka tafi da kwaɗonka na kulle loka, da silifas na wanka, da tawul, da abin toshe kunne. Banɗakinsu babu buta, sai ka tanadi gorar ruwa. Sallah kuwa, ni a tsakanin gadaje nake shimfiɗa darduma idan ɗaki ya yi sarari, ko in tambayi masu karɓar baƙi su nuna min lungun da ba kowa, kuma ban taɓa samun wanda ya ɓata fuska ba. Sai dai ka sani a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, asuba kuma tana yi tun kafin masu yawon dare su dawo. Ka duba jadawalin masallaci, kada ka yi aiki da lissafin gida.

Batun unguwa, shawarata ka nemi masaukin da ke kusa da layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na U8. Layin nan shi kaɗai zai kai ka kusan duk inda kake buƙata. Ya bi ta Rosenthaler Platz da Alexanderplatz, ya gangara Kottbusser Tor a tsakiyar Kreuzberg inda Turkawa suka yi kaka-gida tun shekarun 1960, ya wuce Schönleinstraße inda kasuwar bakin ruwa ta Maybachufer ke ci ranakun Talata da Juma'a, sannan Hermannplatz, bakin titin Sonnenallee na Larabawa. Idan ka sauka a Boddinstraße, tafiyar ƙafa kaɗan ce zuwa masallacin Şehitlik da ke titin Columbiadamm, mai hasumiya biyu, inda za ka yi Juma'a. A waɗannan unguwanni abincin halal ba abin nema ba ne, duk inda ka waiga ga shawarma ga doner ga falafel, wasu shagunan har tsakar dare.

To, mu zo kan daren. Tun 1949 aka soke dokar lokacin rufe wuraren shaƙatawa a yammacin Berlin, shi ya sa garin bai san a tashi a tafi gida ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, a bazara rabin hirar daren garin a waje ake yinta, kuma ba a biyan ko sisi. Akwai ƙananan shaguna da suke kira Späti, masu kaiwa dare a buɗe, da benci a ƙofa. Kamar teburin mai shayi ne a unguwa: ka sayi abin sha ka zauna, hira ta same ka. Wasu giya suke riƙe da ita, wasu lemo ko Club-Mate, wanda ba shi da barasa sai dai yana hana barci, kuma ba mai duban abin da ke hannunka. Da magariba ka je gadar Admiralbrücke a kan magudanar Landwehrkanal, za ka tarar da matasa zaune a ƙasa, wani na kaɗa jita. Ko ka shiga Tempelhofer Feld, tsohon filin jirgin sama da aka rufe a 2008 aka mai da shi wurin shan iska, mutane na tuƙa keke a kan titin da jirage ke tashi a da. Yana daf da masallacin da na ambata, amma ana rufe ƙofofinsa idan duhu ya yi. A Sonnenallee kuma gidajen shayi da na kayan zaƙi suna cika da iyalai har dare ya raba. Ranar Lahadi da rana ka bi 'yan hostel zuwa Mauerpark, akwai kasuwar gwanjo da dandalin da kowa ke fitowa ya rera waƙa a gaban jama'a.

Kulob-kulob ɗin da garin ya yi suna da su, irin su Berghain da ke cikin tsohuwar tashar wutar lantarki, sai bayan sha biyun dare ake fara shiga, a yi dogon layi, mai tsaron ƙofa ya dube ka ya ce a'a ba tare da dalili ba. Wannan yana samun kowa, har Jamusawan. Gaskiya kuma abin da ke gudana a cikin wasunsu ba irin wanda kai da ka yi wannan tambaya za ka so gani ba ne, ban ga abin da za ka rasa ba in ka bar su. In kiɗa kake so, YAAM da ke bakin kogin Spree kusa da Ostbahnhof ya fi kusa da mu, akwai kiɗan Afirka da na Jamaika da rumfunan abinci, kuma daga nan ƙafa za ta kai ka East Side Gallery, ragowar katangar Berlin mai tsawon kilomita 1.3 da aka yi wa zane. Idan 'yan ɗakinku suka ce a fita, ka bi su cin abinci da zaman Späti, in sun nufi kulob ka yi musu sai da safe. Tun farko ka faɗa a sarari cewa ba ka sha, sau ɗaya ya isa.

Komawa masauki ba wuya. Daren Juma'a da na Asabar jiragen U-Bahn (na ƙarƙashin ƙasa) da S-Bahn (na saman ƙasa) suna kwana suna aiki. Sauran ranaku suna tsayawa wajen ƙarfe ɗaya, sai motocin dare masu harafin N su karɓa, N8 tana bin hanyar U8. Tashoshin ba su da shinge, wannan yana ruɗin baƙo. Ka sayi tikitin AB, wato na shiyyoyin A da B da suka ƙunshi cikin gari, ka buga masa hatimi a ɗan akwatin da ke kan dandamali kafin ka shiga. Masu bincike cikin kayan gida suke yawo, tarar kuma yuro 60 ce, ba sa jin magiya. Filin jirgin sama na BER yana shiyyar C, can sai tikitin ABC.

Wannan na ƙarshen ina faɗa maka ne don kai baƙar fata ne kamar ni. A Görlitzer Park da kewayen Kottbusser Tor da gadar Warschauer ana sayar da ƙwaya, kuma da yawa daga masu tsayuwa a Görlitzer 'yan Afirka ta Yamma ne da rashin takardar aiki ya jefa cikin wannan hali. Abin yana ci mini rai. Za su gaishe ka, ka amsa da mutunci ka wuce, kada ka tsaya, kada ka riƙe wa kowa komai. 'Yan sanda suna da ikon tambayar takardu a waɗannan wurare ko ba ka yi komai ba, don haka fasfonka da katin zamanka na Hangari su kasance a jikinka, a aljihun gaba. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti 112. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan domin ƙananan shaguna da dama ba sa karɓar kati, kuma ka yi cefanenka ranar Asabar, don ranar Lahadi manyan kantuna a rufe suke sai na cikin manyan tashoshin jirgi.

In ka tsayar da ranakun, ka rubuto sunayen masaukai biyu ko uku da ka gani, in duba maka unguwar da suke. Allah Ya kai ka lafiya.