Tambaya da Amsa: Tallace-tallace Sun Hana Ni Sakat a Kwamfuta

Tambaya: Malam, barka da aiki. Tun da na sauke wata manhajar kallon bidiyo ta kyauta, kwamfutata ta rikice. Ina buɗe burauza sai talla ta yi ta faɗowa, shafin farko ya canza da kansa, ga nauyi kamar ana jan ta da igiya. Me ya same ta? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, sannu da haƙuri. Alamun da kika lissafo na manhajar talla ne, kuma a bayan waccan ta kyautar ta laɓe ta shigo. Lokacin girkawa akwai wani ɗan akwati da aka riga aka yi wa alamar amincewa, mu kuwa sai danna "Next" muke yi ba karatu. Ni ma na taɓa yin haka, na wuni ina korar shafukan caca.

Tallar dai galibi ciwon kai ce kawai. Abin da ya fi damuna shi ne abokiyar tafiyarta, manhajar leƙen asiri, wadda ba ta motsi balle ki ji ta. Wata irinta takan rubuta duk harafin da kika danna, har da kalmar sirrin imel da ta banki, ta tura wa mai ita. Ita kanta ta tallar ba abin raini ba ce: a 2015 an gano wata manhajar talla mai suna Superfish a cikin wasu sababbin kwamfutocin Lenovo, tana cusa talla ta hanyar da ta raunana tsaron shafukan da ke ɓoye bayanan masu shigarsu.

Ki shiga jerin manhajojinki, ki jera su bisa ranar girkawa, ki cire duk baƙuwar da ta zo rana ɗaya da mai bidiyon. Ki leƙa ƙarin kayan da aka liƙa wa burauza, ki goge wanda ba ki sani ba, sannan ki mayar da saitinta na asali. Daga nan ki sa Microsoft Defender, mai tsaron kwamfuta da ke cikin Windows 10 da 11, ya yi cikakken bincike, ki bi bayansa da AdwCleaner, wata manhaja mai share manhajojin talla.

Kalmomin sirri kuwa, ki canza su yau, amma daga wata na'urar daban. In mai leƙen yana nan, sabuwar ma a gabansa za ki rubuta ta.