Sun haddace jadawalin sau, amma bakwai sau takwas ya gagare su

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar aji uku ce a wata firamare ta ƙauye, yara 74 gare ni. Tun da muka dawo zangon farko a watan Satumba nake fama da su a kan jadawalin sau. In suna rerawa tare har maƙwabta na ji, amma in na tsayar da yaro ɗaya na ce bakwai sau takwas, sai ya koma tun daga bakwai sau ɗaya, ko ya yi tsuru-tsuru. Ga kaka ta shigo, da yawansu suna gona wurin cirar gyaɗa da roron wake. Hedimasta kuma ya ce za a yi taron iyaye kafin hutun Disamba, kowane aji ya nuna wani abu. Ba mu da kuɗin sayen kayan koyarwa. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Abin da yaranki suka riƙe waƙa ce, ita kuwa waƙa daga farko ake ɗauko ta, shi ya sa yaro yake komawa bakwai sau ɗaya. Ban raina hadda ba, mu da muka tashi da allo mun san darajarta. Sai dai haddar lissafi takan zauna ne bayan hannu ya taɓa, ido ya gani. Wani masanin Amurka, Jerome Bruner, ya bayyana haka a 1966: yaro ya fara da abin da zai riƙe, sannan zane, sannan alƙaluma. A kan wannan Singafo ta gina littattafan lissafinta na firamare tun shekarun 1980. Mu kuwa da gani ya kori ji muka san shi.

Batun kuɗi kuma, kaka ta riga ta biya miki. Ki sa kowane yaro ya kawo 'ya'yan tsamiya ko ƙwallon dabino ko marfin kwalba guda talatin a ƙulle cikin tsumma. Kada ki karɓi gyaɗa, kafin a tashi tara an cinye darasin. Wake kuma abinci ne, ba na son yara su saba wasa da shi. In akwai ƙanana da ke biyo yayyensu aji, ki fi dogara da marfin kwalba, domin ɗan tsamiya na shiga hanci da kunne. Su kawo sillen kara ma, a yanka tsawon yatsa, a ɗaure goma-goma da zare. Dami uku da sille huɗu, talatin da huɗu ke nan. Da irin wannan dami da tsinke ƙungiyar Pratham ta Indiya take koya wa yara matsayin goma da ɗaya.

Amma abin da na fi so ki nema shi ne tsohon kiret ɗin ƙwai daga wurin mai shayi. Gurbi 30 ne da shi, layi biyar, kowane layi shida. Ki aje shi gaban yara, su zuba 'ya'yan tsamiya, su ƙirga: biyar sau shida, talatin. Sai ki juya kiret ɗin ta gefe, ba tare da kin taɓa ko ƙwaya ɗaya ba, ki tambaye su yanzu layi nawa ne. Shida, kowane biyar. Nawa ke nan? Ki yi shiru, ki bar su. Za ki ga wani ya fara ƙirgawa, ya tsaya a tsakiya, ya ɗago kai ya ce, "Malama, ai ba a ƙara komai ba!" Wannan yaron ya rage wa kansa kusan rabin aiki. Daga ɗaya sau ɗaya zuwa goma sau goma amsoshi 100 ne. Da zarar ya gane shida sau biyar shi ne biyar sau shida, sun koma 55. In kika cire gidan ɗaya, da na biyu, da na biyar, da na goma, waɗanda ba sa wahalar da kowa, saura 21 kacal. Ki faɗa wa yaran wannan adadin, yana kwantar musu da hankali ƙwarai.

To ga bakwai sau takwas ɗinki. Su jera marfin kwalba a ƙasa, layi bakwai, kowane takwas. Ki ɗora kara bayan layi na biyar. Sama da karan biyar sau takwas ne, arba'in. Ƙasa da shi biyu sau takwas, sha shida. Arba'in da sha shida, hamsin da shida. Yaron da ya yi haka da hannunsa sau uku ko huɗu, ko ya manta amsar, yana da hanyar komawa gare ta. Gidan tara kuma harshenmu ya riga ya share masa hanya. Ba mukan ce ashirin ba ɗaya, ko talatin ba biyu ba? Tara sau bakwai, saba'in ba bakwai ne, wato sittin da uku. Ki yi musu bayanin da Hausa tukuna, Turancin ya biyo baya.

Ki duba wani abu kafin duk wannan. Akwai yaran da matsalarsu tana can baya, wurin tarawa. In yaro bai san takwas na neman biyu ta cika goma ba, sau zai yi masa nauyi. Ki yanka kiret gida-gida, layi biyu na biyar, ya zama gurbi goma, su yi mako guda suna cikawa: tara da ɗaya, takwas da biyu, har biyar da biyar.

Gargaɗina ɗaya, kuma shi ne inda na fi ganin malamai na tuntuɓe: kada kayan su zama sandar da yaro ba ya tafiya sai da ita. In ya kai wata guda yana ƙirga ƙwaya ɗai-ɗai, ba a ci gaba ba. Bayan kwana biyu ko uku ki rufe jerin da kwano, ya faɗi abin da ke ƙasa. Daga nan ya zana ɗigo a ƙasa ko a littafi, daga nan ya rubuta 7 × 8 = 56. Sai a lokacin hadda za ta shigo, minti goma kullum da safe, kina tambaya a tsallake, ba a jere ba. Da yara 74, ki raba su shida-shida, kowane rukuni da kiret ɗaya da jagora ɗaya. Bulala kan amsar da aka kuskure ba ta haifar da komai sai tsoron lissafi.

'Yan gona kuwa, ki ba su aikin da zai bi su can. Kowa ya ƙirgo dami nawa aka ɗora wa amalanke a sawu ɗaya, kuma sawu nawa aka yi. Ranar da ya zo, da lissafinsa za a buɗe darasi. Yarinyar da ke tallar ƙosai ta san kuɗin guda bakwai ba tare da alli ba, ki tambaye ta yadda ta yi a gaban aji.

Ranar taro, ni dai ban so ki tsayar da su su rera jadawali. Ki shimfiɗa tabarmi, su kasa yalo ko tsamiya kashi-kashi kamar a kasuwa, iyaye su zagaya suna tambaya: kashi huɗu, kowane shida, nawa ke nan? Yaro ya amsa, sannan ya nuna dalili da hannunsa. Ki roƙi wani dattijo ya haƙa gurabun dara a gindin bishiya, su ma biyar sau shida ne, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, yara su lissafa gurbi nawa zai rage in an gama zubawa. Kafin a watse, ki nemi ƙungiyar iyaye da malamai ta samo miki kwali ko tsohon buhu da wurin ajiya a ofishin hedimasta, domin in aka bar kiret da sillen kara a ƙasan aji lokacin hutu, gara za ta riga ki zuwa a watan Janairu.