Sufabaiza ya buga babin kundina da sunansa shi kaɗai, ina da hakki?

Wata baiwar Allah ta turo min tambaya, ta ce ta gama mastas, wato digiri na biyu, a wata jami'ar gwamnati, kwatsam tana bincike a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen ilimi, sai ta ga babi na huɗu na kundinta ya fito a wata mujallar ilimi, teburanta ne, lissafinta ne, har kuskuren rubutun da ta yi a tebur na uku yana nan ba a gyara ba, amma sunan sufabaizanta, malamin da ya duba aikin, kaɗai ke kai. Da ta yi wa wani malami ƙorafi sai ya ce ai duk abin da ɗalibi ya rubuta na jami'a ne.

To malama, wannan magana ba haka take a doka ba. Dokar hakkin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, sashe na 28 ya ce hakkin rubutu na wanda ya rubuta ne tun farko, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Kuma ba sai kin yi rajista ba, ranar da kika rubuta ranar hakkin ya tabbata, yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Eh akwai togaciya kan ma'aikacin gwamnati da ya yi rubutu a bakin aikinsa, amma ke ɗaliba ce, kuɗin makaranta kika biya ba albashi aka ba ki ba.

Inda zan ce ki tsaya ki duba da kyau shi ne takardun da kika sa wa hannu. Fom ɗin rajistar PG (karatun gaba da digiri na farko), shafin shaida na gaban kundin, littafin dokokin makarantar digiri na gaba, da takardar tallafi in wani ya biya kuɗin binciken. Wasu jami'o'in suna da tsarin da ke ba su izinin ajiye kundi a laburare ko ɗora shi a rumbunsu na intanet, wannan izini ne kawai ba mallaka ba, saboda miƙa hakki kacokan sai a rubuce. Ko da ma a ce kin miƙa wa jami'a ɗin, jami'a kika ba, ba malam ba, sannan sashe na 14 ya bar miki hakkin a ambaci sunanki a kan aikinki, wannan ba ya canza hannu muddin kina raye.

Amma fa kar in yi miki daɗin baki. Doka rubutu take karewa, ba ta kare tunani ko dabara zalla. In malam shi ya ba ki taken, ya gyara da jan biro, wannan aikin sufabaiza ne bai mai da shi marubuci ba, amma in ya zauna ya rubuta wasu sassa da hannunsa ko ɗakin gwajinsa ne ya samar da bayanan, to zai iya cewa aikin haɗin gwiwa ne, a nan abin da za ki nema shi ne a sa sunanki, ba a cire nasa ba.

Kafin ki yi wa kowa magana tara hujja. Tsofaffin kwafi masu kwanan wata, imel da saƙonnin WhatsApp da kuke turawa juna, takardun tambayoyin da kika raba, kwafin da aka buga wa hatimi bayan difens, wato kare kundi a gaban malamai. Ranar difens ɗinki ki ajiye ta kusa da ranar da mujallar ta ce ta karɓi maƙalar, yawanci tana ƙasan shafin farko, wannan kaɗai yakan kashe gardama.

Ni a ganina fara da malam ɗin, a rubuce cikin ladabi, ki nemi ya rubuta wa edita a ƙara sunanki. Da yawa a nan suke saukowa don sun san ƙarin girmansu na rataye da maƙalar. In ya ƙi sai shugaban makarantar PG da kwamitin ladabtarwa, sai editan mujallar, su suna iya gyara suna ko janye maƙalar gaba ɗaya. Hukumar kare hakkin mallaka ta ƙasa ma tana karɓar ƙorafi. Kotu ita ce ta ƙarshe, Babbar Kotun Tarayya ce mai hurumi, za ki iya neman diyya da umarnin hani, sai dai maƙalar ilimi ba kuɗi take kawowa ba, kuɗin lauya zai iya fin diyyar. In kuwa za ki haɗa da jami'ar a ƙara, ki ga lauya da wuri, don akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 na shigar da ƙara da lauyoyinsu ke saurin fakewa da ita.

Ba ki faɗa min ko kin karɓi satifiket ɗinki ba. In yana hannunsu har yanzu, je ki karɓo shi tukuna kafin wasiƙar farko ta fita.