Aikatau ake fara nema

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni yadda nake gane wanda ya yi abu da wanda aka yi wa a jimlar Turanci, musamman dogayen jimlolin takardun yarjejeniya da ake kawo mana fassara. Ka ce kai kafin ka kai tsakiyar jimla kan zaren ya kuɓuce maka. An riga an kira magariba, ban samu na amsa maka a tsanake ba, shi ya sa na rubuto maka.

Na daɗe ina lura da kai, ɗana. Sunan da idonka ya fara faɗawa a kai shi kake ɗauka aikau, wato wanda ya yi aikin, daga nan sai ka shiga lalube. Ka bar wannan. Aikatau, wato kalmar aiki, ake fara nema, sauran duk a jikinsa suke rataye. Hanyar gane shi kuwa ba wuya: ka canza wa jimlar lokaci. Ɗauki The driver delivers the cement, ka sa mata yesterday a gaba, za ka ga delivers ta koma delivered. Sa tomorrow, ta koma will deliver. Kalmar da ta motsa ita ce aikatau. In ya zo da 'yan rakiya, irin has been waiting, ka ɗauke su gaba ɗaya.

Da ka kama shi, tambaya biyu ce ta rage. Wa ya kawo? Direba, shi ne aikau. Ya kawo me? Siminti, shi ne karɓau. Mun yi sa'a, Hausa da Turanci jeri ɗaya suke bi: aikau, aikatau, karɓau. Sai dai Hausa ta fi tausaya wa mai karatu. Muna da ya, ta, sun da ke nuna maka wanda ake magana a kai, kuma wasu aikatau namu suna sauya baki idan karɓau ya biyo: abin da ya saya, ya saye shi, ya sayi fili. Bought ta Bature tana nan yadda take, ko me ya biyo bayanta. A Turanci wurin da kalma ta zauna shi ne kusan duk shaidarka, sai wakilan suna irin he da him, she da her, they da them. Waɗannan ka riƙe su da kyau. In ka rasa gane matsayin wani suna, musanya shi da su: wanda ya karɓi he aikau ne, wanda ya karɓi him ba aikau ba ne.

Inda na ga ka fi tuntuɓe shi ne aikau mai dogon wutsiya. Dubi wannan: The bags of cement in the store belong to the buyer. Kalmar store ce ke maƙwabtaka da aikatau, amma ba ita ce aikau ba. Bags ne kan magana, sauran duk bayaninsu ne, shi ya sa aka ce belong ba belongs ba. Sunan da ya biyo bayan of, in, to, by ko with ka sa shi cikin baka biyu da fensir ka ajiye shi gefe, sai ƙashin jimlar ya fito fili. Ka kuma lura jimlar nan ba ta da karɓau kai-tsaye, domin to ta shiga tsakani.

Ba duk abin da ya biyo aikatau ne karɓau ba. A My brother is a tailor ba wanda ya yi wa tela komai, ɗan'uwan ne telan. Mu ma cewa muke yi tela ne, ba ma sa aikatau. He worked all night kuwa lokaci ta faɗa. Idan sunaye biyu suka jeru, kamar She gave the driver the receipt, tambayi abin da ya bar hannu ya koma wani hannu. Rasit ne, shi ne karɓau kai-tsaye. Direba shi aka ba.

Yanzu ga wanda nake so ka buɗe kunne a kansa, don shi ke iya jawo wa mutane asara. Ina yaron shago kamarka, zamanin tafireta, aka kawo wa maigidana takardar hayar gida ya miƙo mini. A ciki akwai layin da ya ce The agent shall be paid by the tenant. Na ga agent a gaba, na buga cewa dillali ne zai biya ɗan haya. Maigidana ya karanta, ya ɗora yatsa a kan by, bai ce uffan ba sai da na gano da kaina. Da takardar ta fita haka, da mun haɗa mutum biyu faɗa a kan kuɗi da hannunmu. A irin wannan jimla, ta nahawu agent ne ke zaune a kujerar aikau, amma shi za a biya. Mai biyan yana bayan by. Alamarta ita ce is, was, be ko been tare da aikatau irin paid, signed, written. Da ka gan ta ka tsaya, ka juya ta yadda Bahaushe zai faɗa: ɗan haya ne zai biya dillali. In ba a ambaci mai yin ba, muna da an da za a: an sa hannu, za a biya.

Tambaya da umarni ba su da wahala. Did the bank receive the letter? ka mayar da ita zance, the bank received the letter. Sign the form kuwa aikau ɗinta you ne, ɓoye shi aka yi.

Gobe in Allah ya kai mu, akwai takardar cinikin fili a aljihun tebur na ƙasa. Kafin ka taɓa kwamfuta ka ɗauki kwafinta, ka ja layi biyu ƙarƙashin kowane aikatau, layi ɗaya ƙarƙashin aikau, ka zagaye karɓau. Sakin layi na uku ka bi shi a hankali, akwai by har guda biyu. In ka gama ka kawo mini mu duba tare kafin mai ita ya zo da azahar.