Ga ƙanwarmu mai ciwon cinya bayan fara maganin kolesterol

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tun jiya bayan isha'i na ga tambayar da ƴar'uwarmu ta sako, cewa wata 2 ke nan da aka ɗora ta a kan atorvastatin mai miligiram 40, yanzu cinyoyinta da kafaɗunta sun yi tsami, tashi daga sujada sai ta dafa bango, har tana shawarar ta ajiye ƙwayar ta koma kan tafarnuwa da ruwan zogale. Ƙanwata, sannu. Allah ya ba ki lafiya. Wallahi da na karanta sai da hawaye suka zubo mini, don duk abin da kika lissafa na ratsa shi, har da abin da ya fi shi muni, kuma ba na so ki bi hanyar da na bi.

Ni simvastatin aka fara ba ni, mai 40, shekara 3 da suka wuce, lokacin da aka yi mini awon jini aka tarar LDL ɗina, wato mugun kolesterol ko kitsen jini, ya hau har ya kai 1,9. Kuma da ma ina shan amlodipin saboda tansiyo. Sati 5 ko 6 da farawa na fara jin ƙafafuna sun yi nauyi. Ba irin ciwon gwiwar nan da muka saba da shi ba ne, a'a, cikin tsokar ne, duka ɓangarorin biyu lokaci ɗaya, kamar wadda ta wuni tana surfe. Ni da nake koyarwa a tsaye daga safe zuwa azahar, sai ga ni ina jan kujera gaban allo ina rubutu a zaune. Ɗaga hannu in ɗaura kallabi ya zama aiki. Hawan kabu-kabu kuwa sai mai babur ya karkata mini shi sosai kafin in iya ɗaga ƙafa.

Na koma wurin wanda ya rubuta mini maganin, a wani asibitin kuɗi da ba zan kama sunansa ba. Har yau in na tuna ranar nan raina yana ɓaci. Na zauna a kan benci tun ƙarfe 8 har kusan 12, na biya kuɗin ganin likita, da na shiga ko ɗago kai bai yi ba, yana latsa waya. Na ce masa tun da na fara ƙwayar nan jikina ya canza. Ya ce, Hajiya shekaru ne, kuma ga ƙiba, ki rage ci. Na ce masa ai ƙibar ba yau ta zo ba, ciwon ne sabo. Sai ya yi ƴar dariya ya ce ku mata da an ba ku magani sai ku nemo masa laifi. Bai taɓa ƙafata ba, bai ce in yi awon komai ba, ya rubuta mini diklofenak ya ce a kira na gaba. Ko minti 5 ban yi a ɗakin ba. Na fito ina jin kunya kamar ni ce na yi ƙarya. Abin da ya fi ƙona mini rai, ashe an daɗe da sanin cewa mai shan amlodipin ba a wuce masa 20 na simvastatin a rana, don amlodipin yana sa shi taruwa a jini. Duka biyun suna rubuce a takardata da ke gabansa a kan tebur.

Sannan sai hunturu ya shigo, tari ya kama ni. Na koma wurin dai, don nan takarduna suke, aka ba ni klaritromisin na kwana 7. Ba wanda ya tambaye ni me nake sha, ni ma ban san ya kamata in faɗa ba. A kwana na 5, da asuba, na shiga bayi na tsuguna, na zo miƙewa ƙafafuna suka ƙi. Na dafa bango, na dafa buta, butar ta kife, ruwan sanyi ya jiƙa mini zane. Ina jin liman ya tayar da salla a masallacin unguwa, ni kuwa ina durƙushe a ƙasa cikin duhu ina ƙoƙari, sau nawa ban sani ba. Na fi minti 20 a haka saboda nauyin in kira wani ya same ni a wannan hali. Daga ƙarshe na kira autata, yarinya ƴar shekara 15, ita ta shigo ta rungumo ni ta baya ta ja ni waje tana kuka. Da gari ya waye na duba fitsarina a fo, ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a kan wuta. Maƙwabta suka shigo dubiya, wannan ta ce jifa ne, waccan ta ce iska ce, a nemo rubutu. Mai gidana ne, Allah ya saka masa da alheri, ya ce a'a, a fara kai ta asibiti.

Can aka ɗebi jini aka yi awon da suke kira CPK, wanda ke nuna ko tsoka tana lalacewa. Nawa ya ninka yadda ya kamata fiye da sau 10. Kwana 4 na yi kwance ana ƙara mini ruwa leda bayan leda ana duba ƙodata, don abin da tsokar ke zubarwa cikin jini ƙoda yake toshewa. Diklofenak ɗin da nake ta haɗiya don in samu sauƙi kuwa shi ma ƙodar yake wahalarwa. Har yanzu ina tambayar kaina, da mutumin nan ya ɗago kai ya saurare ni minti 2, da na kai nan? Na yafe masa don Allah, amma ban manta ba, kuma ban sake taka wurin ba.

To ƙanwata, abu na farko tun kafin komai: duba fitsarinki yau. In ya yi duhu ja-ja ko baƙi-baƙi, ko ƙarfi ya ƙare miki har ba ki iya miƙewa, ko ciwon ya zo da zazzaɓi, kada ki sha ƙwayar daren nan, kada kuma ki jira amsar kowa a nan, ki tafi asibiti a yau ɗin. Haka in idonki ya yi rawaya. Irin abin da ya same ni ba kasafai yake faruwa ba, yawanci sai an haɗa magungunan da ba su jituwa, ban faɗa don in tsorata ki ba. In kuma tsami ne kawai da nauyin jiki, to ki koma wurin likita cikin satin nan, ki buɗe baki ki ce kina son a yi miki CPK. Ki roƙi a haɗa da TSH, awon halittar nan ta wuya da ke kawo maƙoƙo, don in ta yi rauni ita kanta tana kawo ciwon tsoka kuma tana hawar da kolesterol. Ki zuba duk magungunanki a leda ɗaya ki tafi da su, har da wanda kika saya wurin masu tallar magani a tire da wanda wata ta sammiki. Ki zazzage su a kan teburinsa ya gani da idonsa.

Atorvastatin ɗinki ma ba ya shiri da klaritromisin da eritromisin, da irin su ketokonazol da itrakonazol na ƙwaya da ake bayarwa don ƙaiƙayi ko ciwon sanyi na mata, da wasu daga cikin magungunan masu cutar sida. Da pampilimus, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, shi ma a bar shi. Lemon zaƙi na yau da kullum ba ruwansa. Ni yanzu ko Panadol zan saya a farmasi sai na ce musu ina shan maganin kolesterol, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Yanzu kuskurena, wanda shi ne ya hana ni barci da na ga kin ce za ki ajiye. Da aka sallame ni na rantse ni da wannan magani har abada. Wata 7 ban sha komai ba. Tafarnuwa da zuma kowace safiya, zogale dafaffe da ɗanye, ruwan lemon tsami, har wani sassaƙe da aka kawo mini daga Jibiya. Jikina ya warware cikin ƴan makonni, na ce alhamdulillahi na rabu da ƙaya. Kin san kitsen jini ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi, ba abin da zai nuna miki yana nan. Ana cikin haka yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shago a babbar kasuwa, mutum siriri da ko tumbi ba shi da shi, ya faɗi yana cikin auna wa wani shinkafa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yau shekara 2 ana ba shi abinci a baki, magana sai kalma ɗaya ɗaya. Mutumin da ya riƙe gidanmu tun rasuwar Baba. In na je gaishe shi ya riƙe hannuna da hagunsa yana kallona, sai na fito waje nake kuka. Shi ma ashe an taɓa ce masa kitsen jininsa ya hau, ya sha kwali ɗaya ya bari. Satin da abin ya faru na je na sake awo, LDL ɗina yana nan 1,9 ɗinsa, duk tafarnuwar wata 7 ba ta motsa shi ba.

Allah ya haɗa ni da wata likita mace mai haƙuri, ta zauna da ni kusan rabin awa. Ita ta fahimtar da ni cewa hanta ce ke ƙera mafi yawan kolesterol ɗin jiki, ba duka daga tukunya yake zuwa ba, shi ya sa wasu gidajen gado ne, ko sun bar nama ba ya sauka yadda ake so. Ta ce magungunan nan ba iri ɗaya ba ne, rosuvastatin da pravastatin ba su bin hanyar da simvastatin da atorvastatin ke bi a hanta, don haka ba su cika karo da sauran magunguna ba. Ta fara mini rosuvastatin mai 5, yau in sha gobe in huta, har wata guda. Ranar da zan haɗiyi ta farko hannuna rawa yake. Da ta ga lafiya lau ta mai da shi kullum, daga baya ta ƙara mini ezetimib mai 10, wanda shi a hanji yake aikinsa, yana rage abin da jiki ke tsotsa daga abinci. Awon da na yi na ƙarshe 0,9. Ina salla a tsaye, ina tsugunawa in miƙe da kaina.

Akwai wata magana da ta gaya mini da ta fara ɓata mini rai. Ta ce a 2020 an yi gwaji a Landan da mutum 60 da suka bar statin, wato irin waɗannan magungunan namu na kolesterol, saboda ya dame su. Wani watan a ba su maganin gaske, wani watan ƙwaya mai kama da shi amma ba magani a ciki, ba su san wanne suke sha ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji da maganin gaske sun ji shi da ƙwayar da ba komai a ciki, kuma daga baya rabinsu suka koma shan maganin. Na ce mata to ni ƙarya na yi ke nan? Ta ce a'a, naki awon jini ya nuna shi, kuma su ma ciwon gaske suke ji, sai dai ba kullum ne ƙwayar ke kawo shi ba, shi ya sa ake tsayar da ita sati 2 zuwa 4 a gani ko ciwon zai tafi, sannan a sake gwadawa da ƙarami ko da wani iri. Wannan shi nake so ki nema a yi miki. In ma za a dakata, da sanin likita za a dakata, da ranar komawa a rubuce. In wanda kika samu ya ce miki tsufa ne ko ƙiba ce bai duba ki ba, ki ɗauki takardunki ki nemi wani, ba ki yi wa kowa laifi ba.

Zogalen kuwa ki ci abinki, ni ma kusan kullum sai na yi kwaɗonsa, sai dai na rage ƙuli-ƙuli da mai. Wahalata ita ce biki da suna. A garin nan in ba ki ci soyayyen naman da aka zubo miki ba sai a ce kin raina mutane, har wata ƙawata ta yi fushi da ni sati 2 a kan kaza. Man shanu a kan tuwo shi na fi kewa. Na koma wake, da kuɓewa, da kifi in an samu, fura kuma da nonon da aka cire wa mai. Da yamma in rana ta yi sanyi muna zagaya unguwa da maƙwabciyata, daga gida zuwa bakin kwalta mu dawo. Kuma ki riƙa shan ruwa sosai, musamman in bazara ta kama, zafin Afrilu da Mayu na Maraɗi kin san shi, ƙoda ba ta son ƙishirwa. Da azumi ni bayan buɗa-baki nake shan tawa, ban taɓa samun matsala ba. Sugana ya ɗan motsa sama kaɗan, maganin yana iya yin haka, shi ya sa duk sanda zan auna kolesterol nake haɗawa da shi.

Na ga kin ce shekarunki 41. In har yanzu kina haihuwa, ko kina neman ciki, ko kina shayarwa, ki gaya wa likita tun kafin ya rubuta komai, don ba a saba ba mai ciki ko mai goyo wannan magani ba. Kuma ki matsa wa ƴan ɗakinku su je su auna, ni sai da na kai ƙannena 3 da kaina, 2 daga ciki aka tarar nasu ya hau.

Ki rubuto mana sunayen sauran magungunan da kike sha da kalar fitsarinki na safiyar yau, ina nan ina duba waya. In kuma kina jin nauyin zuwa ke kaɗai, ki yi mini magana ta gefe, ranar Laraba da yamma ba ni da aji, sai in raka ki.