Amsoshin tambayoyinku: akwatin sarrafa wuta na injin shinkafa, sola da masana'anta

Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, masu samun wuta sa'o'i mafi yawa, zuwa naira 225 kowane kilowat a awa, tambayoyin da ke zuwa wannan fili suka canza. Da can yawanci maganar janareto ce. Yanzu mai injin shinkafa da mai gidan ruwan leda da mai gidan burodi duk suna haɗa wutar Nepa da janareto da sola a waje guda, kuma abin da ke tsakiyar ukun shi ne akwatin ƙarfen nan da ke jikin bango, wanda masu aikin wuta ke kira kwantirol fanel. Ga huɗu daga cikin wasiƙun wannan makon.

Tambaya ta farko daga wani mai injin shinkafa ne a Kura: "Injiniya, moto ɗina mai ƙarfin doki 30 ya ƙone sau biyu a shekara ɗaya. An kawo min farashin akwati iri biyu, ɗaya mai sita-delta (haɗin da ke tayar da moto a mataki biyu), ɗayan mai VFD (na'urar da ke ƙara ko rage gudun moto) da ya ninka shi kuɗi kusan sau uku. Mai sayarwa ya ce VFD zai rage min kuɗin wuta da rabi. Wanne zan saya?"

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kafin ka biya ko sisi, ka koma wurin mai naɗin kwayil ka roƙe shi ya nuna maka cikin moton kafin ya warware wayar. Ƙunar da kanta za ta faɗa maka abin da ya faru. Idan kwayil ɗin ya yi baƙi gaba ɗaya a ko'ina daidai wa daida, to nauyi ne ya yi wa moton yawa, ko wuta ta yi ƙasa, ko ƙaiƙayi da dusa sun toshe fankar da ke bayansa. Idan kuwa wani ɓangare ya ƙone ƙurmus, wani ɓangaren jan tagullarsa na nan fes, to layi ɗaya cikin layukan wuta uku da ke shiga moton ne ya ɗauke, moton ya ci gaba da juyawa a kan biyu. Wannan na biyun yana yawan cin motoci a ƙasar nan, domin fiyus ɗaya ya tsinke a taransifoma ba abin mamaki ba ne, kuma kwan fitilar ofishinka na iya ci gaba da haske ba ka san abin da ake ciki ba sai ka ji ƙauri.

Moto mai ƙarfin doki 30, wato kilowat 22, yana jan wajen amfiya 40 zuwa 42 a wuta mai layi uku idan yana cikin aiki. Amma a lokacin tashi, in an ba shi wuta kai tsaye, yakan fizgi ninki shida zuwa bakwai na wannan. Shi ya sa janareto ke yin gurnani yana fitar da baƙin hayaƙi, maƙwabta kuma fitilunsu su dusashe. Sita-delta yana rage wannan fizga zuwa kashi ɗaya cikin uku. Sai dai ƙarfin juyin ma raguwa yake da kashi biyu cikin uku, don haka ba a tayar da injin da shanshera cike a cikinsa. A tayar da shi wayam, ya kama gudu, sannan a buɗe masa.

Maganar rage kuɗin wuta da rabi kuwa, mai sayarwar ya ɗauko gaskiyar wani wuri ne ya kawo ta naka. A fanka da famfon ruwa haka ne: ka rage gudunsu da kashi 20 cikin ɗari, wutar da suke ci ta sauko kusan rabi. Amma injin ɓarzar shinkafa da na gogewa gudu ɗaya suke so daga safe har dare. In ba za ka rage gudu ba, babu rarar da VFD zai kawo maka, sai dai laushin tashi. Ga shi kuma ba ya shiri da zafi da ƙura. Yawancinsu an auna ƙarfinsu ne a kan zafin digiri 40, kuma kai ka san yadda cikin rumfar kwano take a Kura a watan Afrilu.

Shawarata ka sayi mai sita-delta, ragowar kuɗin ka zuba su a kan abubuwan kariya. Ka tabbata akwai na'urar da ke gadin layukan uku, wadda ke kashe moto nan take in layi ɗaya ya ɗauke, ko wuta ta yi ƙasa, ko an juya layuka. Kuɗinta bai kai na naɗin kwayil sau ɗaya ba. A sa mita mai nuna amfiyar kowane layi a ƙofar akwatin, inda yaron injin zai riƙa gani. Sai obalod, wato na'urar da ke katse wuta in moto ya ja fiye da ƙima, kuma a nan nake so ka tsaya da kanka a saita shi. A yawancin haɗin sita-delta ana ɗaura shi ne a ƙasan babbar kwantakta (makunnin da ke ba moto wuta), inda kashi 58 cikin ɗari na wutar moton kawai ke bi, wato wajen amfiya 24 a naka. Mai aiki da bai sani ba sai ya saita shi a 42, ka ga kenan moton zai iya dahuwa obalod na kallo.

Akwai kuma halin yaran injin, wanda babu na'urar da ke maganinsa. Obalod ya katse sau biyu ana tsakiyar aiki, layin buhuna na jira, sai yaro ya ɗauki sukundireba ya murɗa shi har ƙarshe, ko ya danne kwantakta da guntun kara. Ka sa wa akwatin kwaɗo, makulli a aljihunka. Ramukan da waya ke shiga ta ƙasa kuma a toshe su da abin matse waya, domin ƙadangare ɗaya da ya shiga neman ɗumi ya kwanta a kan ƙarafan tagulla ya isa ya tsayar maka da aiki yini guda.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya ce mai sana'ar ƙanƙara da ruwan leda a Maraɗi: "Zan sa sola don firizoji da famfon rijiyar burtsatse. Mutum biyu sun yi min lissafi. Faranti da batir da inbata duk iri ɗaya ne, amma na biyun ya ƙara kuɗin wani akwati da ya ce na kariya ne. Na farkon ya ce ba dole ba ne, bireka ta kasuwa ta wadatar. Ko na biyun yana so ya ci da ni ne?"

Hajiya, na biyun ba cutarki zai yi ba. Tun watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga Najeriya take zuwa, mutane suka yi rububin sola, masu haɗawa kuma suka yi yawa, wanda ya iya da wanda ya gani a waya. Abin da na farkon ya faɗa miki shi ne ke tayar da gobara.

Wutar Nepa ko ta NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, kaiwa da komowa take yi, tana ratsa sifiri sau ɗari a kowace daƙiƙa, shi ya sa in bireka ta buɗe tartsatsin ke mutuwa da kansa. Wutar farantan sola da ta batir miƙe take, ba ta sauka. In aka buɗe ta da bireka irin ta gida, tartsatsin na iya riƙewa tsakanin baki biyun yana ci har robar ta narke. Faranti ɗaya mai wat 550 yana ba da wajen bolt 50 in ba a ɗora masa komai ba. A jera goma, kin kai bolt 500, kuma da sanyin safiya a lokacin hunturu yakan ɗan haura haka. Ta ɓangaren batir kuwa, inbata mai kilowat 5 a kan batir mai bolt 48 tana jan fiye da amfiya 100. Wannan aikin waya mai kauri ne da fiyus na musamman dab da batirin.

Ki ce ya buɗe miki akwatin ki gani da idonki. A jikin birekar ɓangaren faranti dole ki ga an rubuta DC, wato miƙaƙƙiyar wuta, da adadin bolt da ya zarce na jerin farantanki. Ki nemi abin kariyar tsawa guda biyu, ɗaya ta ɓangaren faranti, ɗaya ta ɓangaren wutar gida, sannan ki tambaye shi inda ya kafa sandar atin, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don wuta mai haɗari ta bi ta shige. In babu atin mai kyau, abin kariyar tsawar ado ne kawai. Ƙasar Maraɗi rairayi ce mai bushewa, don haka sanda ɗaya gajera ba lalle ta wadatar ba, a auna da mita. Famfon kuma a sa masa abin da zai kashe shi in ruwan rijiya ya ja baya, da wanda zai tsayar da shi in tanki ya cika. Firizoji su samu mai jinkirin minti uku zuwa biyar kafin su sake tashi bayan wuta ta katse, saboda kwamfireso.

Tambaya ta uku daga manajan wata masana'antar robobi a Sharaɗa: "Za mu ƙara sabon layin injina mai sarrafa kansa da PLC (ƙaramar kwamfutar da ke ba injina umarni). Mu yi odar akwatin daga Sin ko Turkiyya, ko mu ba masu haɗawa na gida?"

Ranka ya daɗe, in injin ya zo da akwatinsa daga kamfanin da ya ƙera shi, ku karɓa a haka. Amma akwatin rarraba wuta da na famfuna da na kwamfireso, na fi son a haɗa su a gida. Akwai masu hannu a Kano da Kaduna da Legas, kuma ranar da abu ya tsaya da tsakar dare za ka iya kiran mutum ya zo a babur. Inda ake faɗawa rami shi ne kayan ciki. Sunan Schneider ko ABB ko Siemens a jikin kwantakta ba shaida ba ce, domin jabu sun cika kasuwa kuma bugun tambarinsu ya yi kyau ƙwarai. Ka ɗauki ta gaske a hannu ɗaya da ta jabu a ɗaya, sau da yawa nauyi kaɗai zai raba maka gardama, saboda an rage tagulla da azurfar bakin. In kuɗi bai kai ba, gara Chint ta asali daga dillalin da aka sani da babban suna na bogi. Araha ba ta ado, amma tsadar jabu ta fi ciwo.

Ku rubuta a takardar yarjejeniya cewa za a bi IEC 61439, ƙa'idar duniya ta haɗa akwatunan wuta, akwatin kuma kada ya gaza IP54, wato matakin kariya daga ƙura da ruwa, saboda ƙurar hunturu, da fanka mai matata in akwai VFD a ciki. Mai haɗawar ya nuna takardar shaidarsa ta NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin wuta. Kada ku biya kason ƙarshe sai ya miƙa zanen wayoyin, kowace waya da lambarta a jiki, da kwafin manhajar PLC ɗin da kalmar sirrinta. Masana'antu da yawa sun zama bayin mutum ɗaya saboda shi kaɗai ke da kalmar sirri, in ya tafi Umara aiki ya tsaya. Ku kuma tanadi kwantakta da rile da fiyus na ajiya tun ranar farko, ku bar sarari a cikin akwatin, domin layi na biyu ba ya daɗewa yake kiran na uku.

Ta ƙarshe daga wani mai ƙaramin asibiti a Gusau: "Cenjoba (makunnin sauya wuta tsakanin Nepa da janareto) ta hannu muke amfani da ita, mai gadi ke juyawa. Ya kamata mu koma mai canza kanta?"

Likita, a asibiti kam ya kamata, ko don firijin allurai da ɗakin haihuwa. Ka nemi mai ƙafa huɗu, wadda ke canza layin nutural tare da sauran ukun, musamman in akwai inbata a tsakani. Kwantaktocinta biyu, ta Nepa da ta janareto, su kasance da makulli na ƙarfe a tsakaninsu, ta yadda ko waya ta rikice ba za su taɓa rufewa tare ba. In suka rufe tare, janaretonka ne zai tafi, kuma wutarsa na iya komawa kan layi ta sami ma'aikacin da ke saman turke yana zaton an kashe. A saita ta ta jira kamar minti ɗaya ko biyu bayan Nepa ta dawo kafin ta koma kanta, don wutar farko ba ta cika zama ba, sannan ta bar janareto ya yi 'yan mintuna babu kaya a kansa kafin ya mutu. Janareton dole ya zama mai tashi da batir, da caja da ke riƙe batirin kullum. Tsohuwar cenjobar ta hannu kuma kada a cire ta. A haɗa ta a gefe a matsayin hanyar kewaye, a nuna wa mai gadi da ma'aikatan dare yadda ake komawa kanta ranar da sabuwar ta ƙi.