Kada ki fitar da jirgin daga labarinki

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kakanki masunci ne, daga Kabi ya taso ya zauna Lagdo ta ƙasar Kamaru bayan an gama madatsar ruwa a 1982, kuma duk labarin da kika ɗauko sai jirgin ruwa ya shigo ciki, har wata ta ce ki rage, wai soyayyar birni ake karantawa. Kina tambaya ko ki bi shawararta. Ni dai na ce a'a.

Mu ma Kabawa ne. Kakana ya biyo kifi har tafkin Chadi a farkon shekarun 1960, lokacin faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, ruwa ya ja baya, mutanenmu suka bi shi suna kafa bukkoki a ƙasar da jiya-jiya take ƙarƙashin ruwa. Haka Darak, garin da muka zauna a tafkin, ta cika. A 2002 kotun duniya ta ce Darak ta Kamaru ce, ƙarshen 2003 hukumomin Najeriya suka janye. Babana ko taku ɗaya bai gusa ba, amma tuta ta sauya a kansa, naira da sefa kuma suna aljihu ɗaya.

Wannan ne ya shiga rubutuna, ba sunayen kifi kaɗai ba. Mutanen labaraina ba sa gina gida da zuciya ɗaya, kullum akwai ƙullin kaya a lungu. Ba sa lissafi da wata, sai dai "da ruwa ya hau" ko "da ruwa ya janye". Kuma kusan kowane littafina akwai mace mai jira. Ban zauna na tsara haka ba. Innata na gani, tana lanƙwasa tarwaɗa ta soke ta da tsinke ta jera a kan waya, hayaƙi ya mayar da idonta jawur, hannunta na aiki amma kunnenta na bakin gaɓa, tana sauraron injin jirgi. Cikin injuna goma tana gane na babana. Wanda bai tashi a gidan masunta ba, daga ina zai samo wannan?

Sai dai ki kula, kada gadon ya zama ado. Jera sunayen kayan kamun kifi, su kalli da mamari da gura, a shafin farko ba ya sa labari ya yi rai. Ki nemi inda abin yake ciwo. A wajenmu bashi ne: dillalin banda ya ba ka raga da man inji, kifinka kuma nasa ne a farashin da ya yanka, tun kafin kwalayen banda su kama hanyar kasuwar Baga. Aure nawa wannan bashin ya ɗaura, nawa ya kashe! Ga soyayyar da ake ce miki babu. Kada kuma ki rubuta kamar Hausawa kaɗai ne a ruwan. Mun tarar da Buduma da Kotoko a tafki, ku ma a Lagdo kuna zaune da Musgum da wasu.

In kakanki na raye, Allah ya ƙara masa lafiya, ki je da wayarki ki ɗauki muryarsa. Kada ki ce ya ba ki tarihi, zai taƙaita. Ki zauna kusa lokacin da yake ɗinkin raga, ya maƙale ta a babban yatsan ƙafa, ki tambaye shi wa ya bari a Kabi ranar da ya taso. Namu dattawan rikicin Boko Haram ya warwatsa su, da yawa sun rasu ba a ɗauki komai ba. In kin gama babin farko ki turo nan, zan karanta in sha Allahu.